Tsoron mashaƙo ne ya mayar da ni gaban Allah, zai saurare ni kuwa?

Mama, salama a gare ki. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana uku. Sati uku da suka wuce mashaƙo ya kashe 'yar maƙwabciyarmu, yarinya 'yar shekara shida da kullum take wasa da nawa. Ran Litinin ta ce maƙogwaronta na ciwo, ran Asabar aka binne ta. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Tsakar dare sai in tashi in haska wuyan yarana da tocila in ga ko ya kumbura. Mama, ba zan ɓoye miki ba, shekara huɗu ke nan ban taka coci ba, tun wani saɓani da muka yi a Zumuntar Mata, addu'ar ma na bar ta. Yanzu ga ni kullum a durƙushe ina kuka ina karanta Zabura 91, amma zuciyata na ce mini ni munafuka ce, da ba don tsoro ba da ban tuna da Allah ba. Wata 'yar'uwa da na kai wa kukana ta ce tsoron nan alamar rashin bangaskiya ne, wai wanda jinin Yesu ya rufe ba ya bukatar allura, kuma cutar horo ce Allah ya saukar. Autana an haife shi lokacin kullen korona, allurar haihuwa da ta sati shida kawai aka yi masa, katin ma ya ɓace. Maigidana ya ce na cika tsoro, in bar wa Allah. Allah zai ji addu'ar irina? In na kai yaran allura na nuna ban dogara gare shi ba ke nan?

Wata uwa daga Kano

'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke, Allah kuma ya ta'azantar da iyayen yarinyar nan.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wajen tocilar nan ne hawaye suka zo mini, domin ni ma na yi. A shekarar sankarau ta 1996, wadda ta kama mutane fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, ina da goyo da wasu biyu ƙanana. Cikin dare nakan tashi in lanƙwasa wuyan kowannensu a hankali in ji ko ya sanƙare. Ina zuwa sujada kowace Lahadi a lokacin, ina cikin mawaƙa, amma hakan bai hana gabana faɗuwa ba duk lokacin da yaro ya ce kansa na ciwo. Saboda haka ba daga nesa nake yi miki magana ba.

Bari in fara da kalmar da kika jefi kanki da ita, munafuka. Ki buɗe Luka sura 15 ki sake karanta labarin ɗan nan da ya karɓi gādonsa ya tafi ƙasa mai nisa. Me ya dawo da shi gida? Yunwa ce. An yi babbar yunwa a ƙasar, kuɗinsa sun ƙare, har yana sha'awar abincin aladun da yake kiwo. Da ya zauna ya yi tunani, abin da ya fara zuwa ransa shi ne barorin ubansa na ci suna ƙoshi shi kuwa yana mutuwa da yunwa. Cikinsa ne ya tashe shi ya kama hanya. Yesu da bakinsa ya ba da labarin, bai kuma gyara wannan wurin don ya yi kyau ba. Uban kuwa ya hango shi tun daga nesa, ya sheƙa da gudu ya rungume shi, bai ma bari yaron ya ƙarasa jawabin da ya shirya ba. Babu inda ya tsayar da shi a ƙofa ya ce sai ka faɗa mini, ƙaunata ce ta kawo ka ko yunwa. Ke tsoro ne ya kawo ki. To kin zo. Munafuki shi ne mai yin addu'a don mutane su gani su yaba, ke kuwa ƙarfe biyun dare kike yin taki, babu mai ganinki sai wanda kike kira.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in ji Hausawa, kuma idan mu da muke mutane mun san wannan game da 'ya'yanmu, ina ga Uba na sama. Da a ce babbar 'yarki ta yi fushi da ke ta yi wata ba ta kula ki, sai wani dare aka yi tsawa ta rugo ɗakinki tana rawar jiki, za ki ce ta koma sai ranar da ta zo don so? Kin san amsar.

Sai maganar cewa tsoro rashin bangaskiya ne. Ina ganin 'yar'uwar nan da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ta ɗora miki kaya a kan kaya. Dawuda da ya kashe Goliyat shi ne ya rubuta a Zabura 56, lokacin da Filistiyawa suka kama shi a Gat, cewa sa'ad da yake jin tsoro zai dogara ga Allah. Ki lura, tsoron da dogarar a aya ɗaya suke zaune, ɗaya bai kori ɗaya ba. A Getsamani Ubangijinmu da kansa ya gaya wa almajiransa ransa na shan wahala matuƙa har kamar ya mutu, ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon in mai yiwuwa ne, Luka kuma ya ce guminsa na ɗiga kamar gudajin jini. Wa zai ce Yesu ba shi da bangaskiya? Akwai kuma wani uba a Markus sura 9, wanda nake so ki riƙe shi kamar ɗan'uwa a kwanakin nan. Ya kawo ɗansa marar lafiya, ya ɗaga murya ya ce ya ba da gaskiya, amma a taimaki rashin bangaskiyarsa. Rabi da rabi ya zo, kuma Yesu ya warkar masa da yaron. In kin rasa abin faɗa cikin dare, ki ari addu'ar mutumin nan, ta isa.

Yanzu Zabura 91. Ki ci gaba da karanta ta, ni ma ita nake karantawa. Tana maganar annobar da ke yawo cikin duhu, tana maganar inuwar Maɗaukaki, kuma Kiristoci sun jingina da ita a kowace annoba tun zamanin da. Amma akwai abin da ya kamata ki sani game da ita, wanda ba kasafai ake faɗa a wa'azi ba. Ita ce Zaburar da Iblis ya janyo wa Yesu. A Matiyu sura 4 ya kai shi kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro ƙasa, ai a rubuce yake Allah zai umarci mala'ikunsa su tallafe shi don kada ya yi tuntuɓe da dutse. Ayar gaskiya ce, daga Littafi Mai Tsarki ya ɗauko ta. Yesu ya amsa da cewa a rubuce yake kuma, kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Sannan bai diro ba. Duk wanda ya ce miki ki bar yaro babu rigakafi a unguwar da mashaƙo ke kisa, wai don ki nuna jinin Yesu ya rufe shi, abin da yake cewa shi ne ki ɗauki autanki ki hau da shi kan Haikali ki sake shi. Ko da aya ya kawo miki, kada ki karɓa. Jinin Yesu an zubar da shi ne domin gafarar zunubanmu, ba a ba mu shi ya zama laya ba.

Kuma magani bai taɓa zama kishiyar addu'a a Littafin ba. Sarki Hezekiya ya kwanta ciwon ajali, ya juya fuskarsa bango ya yi kuka, Allah ya ji ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya ce a kawo curin ɓaure a manna a kan marurun. Alkawarin Allah ya riga ya fito, amma sai da aka sa maganin. Luka da ya rubuta mana Bishara guda da Ayyukan Manzanni likita ne, Bulus na kiransa ƙaunataccen likita. A Littafin Firistoci sura 13 Allah da kansa ya ba da dokar a keɓe wanda ake zargi da cutar fata kwana bakwai a sake duba shi. Mu kanmu a Arewa, da asibiti da makaranta bishara ta iso wa kakanninmu da yawa, Wusasa, Vom, Galmi can Nijar, asibitin ido na ECWA da ke nan Kano. Waɗanda suka kafa su masu addu'a ne ƙwarai, kuma su ne suka riƙe sirinji. Bahaushe ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Ba aya ba ce, karin magana ce, amma ba ta saɓa wa Littafin ba.

Maganar horo kuwa ita ta fi yi mini ciwo, saboda yarinyar nan 'yar shekara shida. Me ta yi? Almajirai sun taɓa yi wa Yesu irin wannan tambayar a Yahaya sura 9 game da mutumin da aka haifa makaho, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. A Luka 13 kuma ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce kada a zaci sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. In kina son misali na kusa, ki tuna yadda aka gano zazzaɓin Lassa. A 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, aka kawo ta asibitin mishan na Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu. A 1970 likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawar wani da cutar ta kashe, ita ma ta tafi. Matan nan sun bar ƙasarsu don hidimar Almasihu da marasa lafiya. Horon me aka yi musu? Cuta tana kama mai bi da marar bi, kuma ba zan yi miki alkawarin da Allah bai yi ba, cewa gidan mai addu'a ba ya ganin makoki. Abin da ya yi alkawari shi ne ba zai bar mu ba, ba zai yashe mu ba. Ina roƙonki, kada maganar horon nan ta kai kunnen maƙwabciyarki ta bakinki ko ta bakin wanda za ki iya hanawa.

To, ga abin da nake so ki sani game da cutar kanta, domin rabin tsoro rashin sanin abin da ake fuskanta ne. Mashaƙo ƙwayar cuta ce ta bakteriya da ke bin tari da atishawa da cuɗanya ta kusa, kamar yara masu shan ruwa da kofi ɗaya. Wannan ɓarkewar ta fara ne tun ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu ita, ta kuma taɓa Yobe, Katsina, Bauchi, Borno, har Matamaye a jihar Damagaram can Nijar. Mafi yawan waɗanda ta kama yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma mafi yawansu ba su kammala rigakafi ba. Alamominta kan fito tsakanin kwana 2 zuwa 10 bayan an ɗauka. Ki lissafa da kanki, sati uku sun wuce tun rasuwar yarinyar, yaranki kuma lafiya lau. Wannan abin godiya ne, ki numfasa. Sai dai cutar na nan a unguwa, akwai kuma masu ɗauke da ƙwayar ba tare da sun kwanta ba, shi ya sa ba za ki zauna ba.

Abin da za ki lura da shi: ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, wahalar haɗiya, dashewar murya, kumburin wuya, da wata fata mai kauri ruwan toka da ke rufe can cikin maƙogwaro. Ita ce ke toshe numfashi. Ƙwayar kuma tana fitar da dafi da ke bin jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi, shi ya sa ake ganin yaro kamar ya ji sauƙi sannan ya faɗi. In kin ga haka a jikin ɗayansu, kada ki kwana. Kada ki tsaya a kemis, kada ki kai wa wanzami ya cire beli ko ya kankare maƙogwaron, taɓa fatar nan na jawo zubar jini ya ƙara lalata lamarin. Asibiti kai tsaye. Akwai allurar kashe dafin da maganin kashe ƙwayar, amma allurar tana kama dafin da bai riga ya shiga naman jiki ba ne kawai, saboda haka kowace rana da aka ɓata a gida asara ce. Ko da magani, kusan mutum 1 cikin 10 na mutuwa, babu magani kuwa abin ya ninka haka. A Kano a 2023 an ware wurin masu mashaƙo a Asibitin Murtala, kuma hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, na da lambar kira kyauta, 6232. Ki yi addu'a a cikin adaidaita sahun, Allah na ji a can ma. In kina so dattawan ikkilisiya su zo su shafa mai su yi addu'a kamar yadda Yakubu sura 5 ta ce, su same ku a asibiti.

Game da auta, gobe da safe ki goya shi ki riƙo hannun sauran biyun ku tafi asibitin sha-ka-tafi na unguwarku. Allurar da ke kare mashaƙo tana cikin wadda ake kira Penta, sau uku ake yi, a sati 6, sati 10 da sati 14. Ya samu ɗaya, saura biyu, kuma ɗaya ba ta isa kariya ba. Ɓatan kati ba ya hana komai, za su ba ki sabo. Ki gaya wa ma'aikaciyar shekarun kowane yaro, ki kuma gaya mata sun yi wasa da yarinyar da ta rasu, ita za ta san wanda ya dace da Penta da wanda ya dace da Td ta manyan yara, da ko akwai bukatar ƙarin magani. Kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. Wurin allurar zai iya kumbura kaɗan, jikin yaro ya yi ɗumi kwana ɗaya ko biyu, kada wannan ya tayar miki da hankali. Ba ke kaɗai ba ce kullen 2020 ya katse wa rigakafi, iyaye da yawa haka ta same su, don haka ki shiga da kanki a sama. Na san kuma mutanen Kano na da dalilin ɗari-ɗari da allura tun gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a 1996. An yi ba daidai ba a lokacin, ba na musu. Amma wancan sabon magani ne da ake gwadawa, rigakafin mashaƙo kuwa an kusa shekara ɗari ana yin sa a duniya, shi ne ya sa ƙasashe da yawa suka manta da sunan cutar.

Maigidanki kada ki yi masa gardama a kan wa ya fi bangaskiya. Maza da yawa in sun ce a bar wa Allah, nasu tsoron suke rufewa, ba su san yadda za su faɗe shi ba. Ki same shi bayan ya ci abinci ya huta, ki ce masa, Baban yara, ina so mu yi addu'a tare a kan yaran nan yau, gobe kuma ka ba ni kuɗin mota in kai su rigakafi. Ki sa shi ya ja addu'ar. Mutumin da ya ɗora hannu a kan 'ya'yansa ya roƙa musu tsari da wuya ya hana a kai su inda tsarin yake.

Dare kuma, ga shawarata. Kafin su kwanta ki duba su sau ɗaya, da hasken kirki, ki tambayi kowa ko maƙogwaronsa na ciwo. Sannan ku karanta Zabura tare da babbar murya, ko ta 91 ɗin, ko ta 121 wadda ta ce mai tsaronki ba ya gyangyaɗi, ba ya barci. Ki kira sunan kowane yaro a gaban Allah, ki ce na duba iyakar ganina, sauran na hannunka. Sai ki ajiye tocilar nesa da gado. In kin farka gabanki na faɗuwa, kada ki ɗauki waya ki shiga WhatsApp kina kallon hotunan yara marasa lafiya da saƙonnin da ba a san tushensu ba, wannan hura wutar ne. Ki maimaita aya ɗaya a hankali har numfashinki ya daidaita. Tsoron ba zai tafi dare ɗaya ba, kuma dawowarsa ba ya nufin addu'arki ta faɗi ƙasa. Idan kuwa aka ƙara sati biyu ko uku ba kya barci, ba kya cin abinci, ƙirjinki na bugawa, ki gaya wa ma'aikacin lafiya. Kin ga mutuwar yarinyar da kika sani kamar 'yarki, wannan rauni ne, ana kuma jinyarsa.

Saura abu biyu da ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Ban san abin da ya faru a Zumuntar Mata ba, wataƙila ke aka zalunta, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Amma shekara huɗu ta isa, kuma bangaskiyar da ake riƙo a ɗaki ke kaɗai cikin dare tana saurin gajiya. Ranar Lahadi ki shirya ki tafi sujada, muddin babu mai ciwon maƙogwaro ko zazzaɓi a gidanku. In akwai, ku zauna gida, hana wasu kamuwa ma ibada ce. Ba sai kin tashi kin ba da shaida ba, ki zauna a bencin baya ki yi waƙa da jama'a. In tsohon cocin ya yi miki nauyi, ki fara da wani. In kin samu dama ki ce wa Baba Fasto ya yi sanarwar rigakafin daga bagade, akwai iyaye a wurin da katin 'ya'yansu ya ɓace kamar naki.

Na biyun maƙwabciyarki ce. Na san yadda ake gudun gidan da annoba ta shiga, masu zuwa gaisuwa su ragu tun kafin sati ya cika. Ban san ko Kirista ce ko Musulma ba, kuma ba shi ne abin dubawa ba, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In kun dawo daga asibiti gobe, ki dafa abinci ki kai mata, ki zauna da ita a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ki bar ta ta yi maganar 'yarta in tana so. In tana da sauran yara, ki tambaye ta a hankali ko an yi musu allurar, ki ce za ki raka ta.

Ki rubuto mini bayan an yi wa auta ta biyu, ina so in ji. Na sa sunanku cikin addu'ar safiya.

Mamanki cikin Ubangiji